Jinya Bayan Tiyatar Cire Tansil ga Manya

Tansil wasu tsokoki ne guda biyu da ke can cikin maƙogwaro, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma suna cikin masu tare ƙwayoyin cuta da ke shiga ta baki da hanci. Ba su ne beli ba. Beli shi ne ɗan naman da ke reto a tsakiya, wanda wanzamai suka saba cirewa. Tansil kuwa yana manne da jijiyoyin jini, shi ya sa cire shi aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, a ɗakin tiyata, bayan an sa mutum barci.

Likita ba ya gaggawar yanke shawarar cirewa. Ma'aunin da aka fi bi shi ne ciwon tansil ya tashi sau 7 a shekara guda, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku a jere. Ana kuma cirewa idan ya kumbura har yana toshe numfashi cikin barci, ko ƙurji mai mugunya ya yi ta dawowa a gefensa, ko ana zargin kansa. Aikin kansa ba ya cika kai awa ɗaya, kuma sau da yawa a ranar ko washegari ake sallamar mutum. Wahalar tana gida.

Babba ya fi yaro shan wuya. Tansil ɗin da ya shekara da shekaru yana ciwo yana warkewa yakan yi tabo ya manne da naman da ke kewaye da shi, don haka sai an ƙara yanka kafin ya rabu. Galibi ba a ɗinke wurin, a buɗe ake barinsa ya warke da kansa, alhali duk haɗiyar yawu sai ta motsa shi. Mako biyu ake ware wa jinyar, wani ma yakan ɗan zarce. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne zafin ba ya raguwa a jere: kwana ɗaya ko biyu na farko yakan zo da dama-dama, sannan ya tsananta daga kwana na uku zuwa ƙarshen makon farko. Kunne ma yakan yi ciwo ko da lafiyarsa ƙalau, domin jijiya ɗaya ce ke ɗaukar saƙon zafi daga wuraren biyu.

Wanda ya leƙa madubi zai ga wani farin abu, ko mai ɗan ruwan ɗorawa, ya rufe gurbin. Ba mugunya ba ce, ɓawon rauni ne da ke cikin danshi, kuma shi ke kawo warin bakin da ke damun majinyaci da masu jinyarsa. Ba a ƙanƙare shi, ba a taɓa shi da yatsa ko aswaki. Da kansa yake saɓulewa, yawanci tsakanin kwana 5 zuwa 10.

Nan ne wurin da ya kamata a fi sa ido. Zubar jini iri biyu ce: wadda ke faruwa cikin awa 24 na farko, da wadda ke zuwa lokacin da ɓawon ke faɗuwa, sa'ilin da mutum ya fara ganin kamar ya warke har yana shirin komawa kasuwa ko ofis. Ta biyun ta fi samun manya fiye da yara. Ɗan jirwayen jini a cikin yawu ba abin tayar da hankali ba ne. Amma jan jini sabo da ke fitowa daga baki ko hanci, ko gudan jini, ko aman da ya yi baƙi, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ko da kuwa jinin ya tsaya a hanya. Ƙaramar zuba takan zama share fage ga babba. Saboda haka bai dace majinyaci ya yi nisa da asibiti a cikin makonnin nan biyu ba, kuma bai kamata ya kwana shi kaɗai a gida ba.

Maganin zafi a kan lokaci ake shansa, ba sai zafin ya kai maƙura ba. Likitoci sukan ba da farasitamol, wani lokaci tare da ibuprofen, kuma shansa kamar rabin awa kafin cin abinci yana sauƙaƙa haɗiya. Asfirin kam haramiyarsa ce, domin yana tsinka jini. Wannan ya sa sayen gaurayen ƙwayoyi a kyamis ba tare da sanin abin da ke ciki ba ganganci ne. Magunguna masu ƙarfi irin su kodin suna busar da ciki, kuma ba a shansu sai da takardar likita.

Sai ruwa. Mai tsoron haɗiya yakan daina sha, maƙogwaro ya bushe, zafi ya ƙaru, sai ya ƙara gudun shan. Kurɓa kaɗan-kaɗan a kai a kai, har da dare, ita ce ke karya wannan zagaye. Fitsari ya yi ja ko ya ragu alama ce ta ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Game da abinci, likitocin Ingila sun fi ƙarfafa a koma cin abin da aka saba da wuri, suna ganin taunawa da haɗiya na share gurbin, yayin da a Amurka aka fi karkata ga abinci mai laushi. Kowa dai ya yarda cewa zama da yunwa shi ne mafi muni. Kunu ko koko da ya huce, da faten dankali, da dafaffen ƙwai, da tuwo mai laushi da miyar kuɓewa marar yaji suna wucewa ba gardama. Yaji da lemun tsami da shayi mai tururi suna ƙona wurin. Zoɓo ma gara a jingine shi, don ga tsami ga launin da zai hana a gane jini idan an yi amai.

Taba, hayaƙin murhu, ƙura, cunkoson jama'a da ɗaukar kaya masu nauyi duk a dakata da su har mako biyu. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, hikima ce a tattauna da likita a kauce wa watan azumi da tsakiyar hunturu. Canjin murya, raguwar ɗanɗano da 'yar rama sukan wuce da kansu. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko kasa haɗiye ko da ruwa, ko wahalar numfashi, su kam ba a jiran ranar da aka rubuta a kati kafin a koma wurin likita.