Ɓera da dashe: ɓarnar da ba a gani sai an makara

Yau maganar ɓera za mu yi. Eh, ɓera. Ba na rumbu ba, na daji, wanda ke kashe bishiya tun tana ƙarama.

Bari mu fara da Finlan, ƙasar da daji ya rufe kusan kashi 3 cikin 4 nata, kuma katako babban abin dogaronta ne. Suna da wani ɗan ɓera mai gajeriyar wutsiya wanda duk bayan shekara 3 zuwa 4 yake yin ambaliya. A sanyin 2005 zuwa 2006 ya lalata miliyoyin dashe. A ƙarƙashin dusar ƙanƙara ya yi aikin, ba a gani ba sai da ta narke.

To me yake ci? Ɓawo. Ku bi ni a hankali a nan. Ruwa ta cikin icen yake hawa daga saiwa zuwa ganye. Abincin da ganye ya haɗa da hasken rana kuwa, ta wani siririn sashe na cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Idan ɓera ya gwaigwaye ɓawon ya zagaye gindin kaf, ya datse hanyar sauka, ta hawa tana nan. Shi ya sa za ka ga dashen kore shar har tsawon makonni ko watanni, alhali saiwar tana mutuwa da yunwa. Ranar da ya bushe, sai a ce ai ba a yi masa ban ruwa ba ne.

Idan gefe ɗaya ya ci, bishiyar kan iya rayuwa, amma ƙarfin da za ta yi tsawo da shi ya tafi wajen rufe ciwo. Ciyawa ta kere ta, ta tare mata rana. Ta wannan ciwon kuma ruɓa ke shiga, sai bayan shekaru an sare a tarar icen ya lalace daga ciki.

Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da ɓeran daji da gafiya da kurege, har irin da aka binne suna tonewa. Abin da ke ba ni haushi da gangamin dashenmu shi ne, ranar shuka ake ƙirga, a ɗauki hoto, a watse. Wa ke komawa bayan wata shida ya duƙa ya duba gindi?

Ƙayar da muke kewaye dashe da ita akuya take tarewa. Shi ɓera, ɗaki ma ka gina masa. Abin da ke aiki shi ne share ciyawar da ke gindin, don ba ya son fili inda shaho zai hango shi, sannan a naɗa wa gindin ragar waya mai ƙananan ƙofofi. Sai mujiya, wadda muke jifa saboda camfi. Ɓera ne babban abincinta, kuma da dare take farauta, daidai lokacin da yake fitowa.