Digiri na Biyu a Fannin Ilimi: Zaɓin da ke Gaban Malaman Madawa, Buza da Kaita

Digiri na biyu a fannin ilimi, wanda 'yan lakkol a Nijar ke kira masta, karatu ne na shekara biyu da ake yi bayan lisans. Tsarin da jami'o'in ƙasar ke bi shi ne LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta da ɗauka a 2007: shekara uku ta lisans, biyu ta masta, uku ta dakta. Ana ƙidaya karatun da maki, 30 a kowane zango, masta kuwa zango huɗu ne, wato maki 120. Cikin makin nan akwai darussan dole, akwai kuma waɗanda ɗalibi ke zaɓa da kansa, ga aikin gwaji a wata ma'aikata, ga kundin bincike da ake karewa gaban malamai. A wannan ɓangare na zaɓi ne malami ke da ta cewa. Takardar ɗaya ce a suna, amma ɗinkin tela ne, sai an auna mai sawa.

Ga malamin da ke koyarwa a Urno ko a ƙauyukan Madawa, Buza da Kaita, hanyar tana da tsawo tun kafin a kai ga maganar zaɓi. Galibin malaman firamare sun fito ne daga makarantun horar da malamai irin ta Kaocen da ke Tawa, da yawansu kuma 'yan kwantaragi ne, tsarin da ya samo asali a ƙarshen shekarun 1990. Wanda bai da bakaloriya sai ya nemo ta, sannan lisans. Saboda haka masu shiga masta yawanci malaman kwaleji da lise ne, da daraktoci, da masu ba malamai shawara. A da kusan dole ne a nufi Yamai, tafiyar kimanin kilomita 500 daga Madawa, inda Jami'ar Abdou Moumouni ke da babbar makarantar horar da malamai ta ENS. A 2010 aka kafa jami'o'i a Tawa, Maraɗi da Damagaram. Ta Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya yi rubutu kan yankin Adar, tana da tsangayar nazarin ilimi, haka ma ta André Salifou a Damagaram.

Zaɓi na farko shi ne tsakanin mastan bincike da mastan sana'a. Na bincike shiri ne na dakta, na wanda ke son koyarwa a jami'a. Na sana'a ya fi ba da ƙarfi ga aikin gwaji da warware matsalar da ake fama da ita a fili. Mutane kan ɗauka na bincike ya fi daraja, shi ya sa ake samun mai burin zama sufeton makarantu ya kwashe shekara biyu yana karatun da ba zai taɓa amfani da shi a ofishin sufeto ba.

Sai kuma fanni. Malamin da ke son zama cikin aji, ya ƙware a darasinsa, dabarun koyar da wannan darasi ne nasa, ko lissafi ko Faransanci ko kimiyya. Wanda ke hangen shugabancin makaranta ko ofishin ilimi na jiha zai fi cin moriyar darussan gudanarwa da tsare-tsare: ƙididdigar ɗalibai, rabon malamai, kasafin kuɗi, da taswirar inda ya kamata a gina aji. Jihar Tawa tana da tarihi a nan, domin a cikinta ne shirin Makaranta Don Kowa, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa, ya fara aiki a 2004 da kwamitocin iyaye masu kula da makarantu, kafin tsarin ya bazu ko'ina a ƙasar. Akwai kuma fannin yaƙi da jahilci da karatun manya, da na makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda masu su kan duba wajen Jami'ar Musulunci ta Say.

Fannin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne koyarwa da harshen gida. Nijar ta fara gwada makarantu masu harshe biyu tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kuma kundin mulkin ƙasa da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka dai ba ta rubuta littafin aji ɗaya. Ana bukatar wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa, ya san yadda yaro ke koyon karatu, ya kuma san lokacin da ya dace a shigo masa da Faransanci. Malamin wannan yanki yana da abin da ɗan birni bai cika samu ba: ya koyar da ajin da yaran Hausawa ke zaune da na Buzaye da Fulani, kuma ya ga abin da ke faruwa idan harshen allo ba na kowa ba ne a cikinsu. Shi kansa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira da a koyar da harsunan Afirka a littafinsa na 1964 kan ilimi a nahiyar.

Kundin bincike shi ne inda ake gane ko zaɓin ya yi ma'ana. Mafi amfaninsa shi ne wanda ya fito daga wurin aikin mai shi. Yankin bai rasa batutuwa ba: yadda tafiya cin rani zuwa Najeriya da Libiya ke kwashe manyan yara maza, yadda aikin albasa a fadamu ke rage zuwa makaranta, azuzuwan zana da ba a iya kafawa sai an gama girbi an samu kara, barin 'yan mata makaranta da zarar kwaleji ta yi nisa da gida, ko tasirin tarukan ƙara wa juna sani na malamai da ake kira CAPED. Darakta a Urno yana da rajistar shekaru a hannunsa, yana kuma da amincewar iyaye, abin da baƙon mai bincike zai daɗe bai samu ba. Sai dai a sami malamin jami'a mai duba kundin da ya san fannin, domin rashinsa kan sa aiki ya kwana shekaru. Wurin aikin gwaji ma haka ne: mai son sufetanci ya nemi ofishin sufeto, mai son tsare-tsare ya nemi ofishin ilimi na Tawa.

Akwai abin da takarda ba ta yi ita kaɗai. Ma'aikatan gwamnatin Nijar suna cikin rukunai ne, A, B, C da D, kuma hawa daga wani zuwa wani yana da ƙa'idojinsa. Aikin sufeto da na mai ba da shawara ana shigarsu ne ta jarrabawar gasa da horo na musamman. Malamin da ya tafi karatu ba tare da izinin hukuma a rubuce ba yana iya dawowa da masta a hannu, albashinsa kuma yana nan inda ya bar shi. Masu ƙetarawa Sakkwato ta Ƙonni, zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suna karatu ne da Ingilishi, kuma sai sun nemi a daidaita takardarsu da ta gida. A makarantu masu zaman kansu da karatun intanet, abin tambaya kafin a biya ko dala shi ne ko gwamnati ta amince da kwas ɗin, da kuma ko yana cikin waɗanda hukumar CAMES, mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci tun 1968, ta tantance.