Gidan Dadiyani: Sarautar da Ta Nemi Inuwar Rasha Ta Rasa Kanta

A yammacin ƙasar Jojiya, tsakanin duwatsun Kokasus da gaɓar Bahar Aswad, akwai lardin Samegrelo. Gida guda, na Dadiyani, shi ya riƙe ragamar wannan yanki ɗaruruwan shekaru, kuma tarihinsa darasi ne a kan yadda ƙaramar sarauta ke rayuwa a tsakanin manyan dauloli.

Tun zamanin Sarauniya Tamar, wadda ta yi mulki daga 1184 zuwa 1213, Dadiyani suna cikin manyan fadawa. Vardan Dadiyani ya yi ƙarfin da har ya goyi bayan tawayen da tsohon mijin sarauniyar ya tayar a 1191. Da daular Jojiya ta tarwatse a ƙarshen ƙarni na 15, hakiman larduna suka samu sarari, har Levan Dadiyani na Ɗaya ya zama mai cin gashin kansa a 1557.

Gidan ya kai ƙololuwa a hannun Levan na Biyu, wanda ya yi sarauta daga 1611 zuwa 1657. Takobi da aure ne makamansa: ya addabi maƙwabtansa, sarakunan Imereti, da yaƙi, ya kuma aurar da ƙanwarsa Mariyam ga Rostom, sarkin Kartli, don ya samu majingina a gabas. Bayan rasuwarsa rikicin gado ya cinye zuriyar. A 1691 sarauta ta koma gidan Cikobani, amma su ma suka ɗauki sunan Dadiyani, domin sunan ne talakawa suka sani da mulki.

Matakin da ya yanke makomar gidan ya zo a 1803. Sulaiman na Biyu, sarkin Imereti, ya matsa wa Grigol Dadiyani lamba, shi kuwa ya shiga ƙarƙashin kariyar Rasha bisa sharaɗin zai ci gaba da mulkin cikin gida. Gudun gara ne aka faɗa zago, ko da yake sai bayan shekaru hamsin abin ya fito fili.

Lokacin da Dauda Dadiyani ya rasu a 1853, ɗansa Niko yaro ne, sai gwauruwarsa Ekaterine, 'yar gidan Cabcabadze, ta zama mai riƙon gado. A yaƙin Kirimiya, sojojin Usmaniyya ƙarƙashin Umar Fasha suka mamaye Samegrelo a 1855, ita kuwa ta ƙi juya wa Rasha baya. Wannan biyayya ba ta cece ta ba. A 1857 manoma suka yi bore ƙarƙashin wani maƙeri, Utu Mikaba, saboda nauyin haraji da aikin tilas. Rasha ta murƙushe boren, sannan ta karɓe mulki da sunan kawo zaman lafiya. A 1867 Niko ya sauka, aka shafe sarautar.

Darajar gidan dai ba ta gushe nan take ba. Rasha ta gabatar da Niko a matsayin ɗan takarar gadon sarautar Bulgeriya bayan 1886, amma Bulgeriyawa suka ƙi. 'Yar'uwarsa Salome ta auri jikan Murat, surukin Nafoliyon, a 1868, kuma fadar Dadiyani ta Zugdidi yau gidan tarihi ce.

Dadiyani sun iya siyasar fadoji da ƙulla aure, amma sun yi sakaci da manoman da ke ciyar da su, kuma ta wannan ƙofa Rasha ta shigo ta raba su da mulki.