Idan 'yan kyanwa suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya

Kwanakin baya wata Hajiya daga unguwar Pantami ta shigo shagon magani da nake aiki a nan Gombe, jikarta na biye da ita tana share hawaye. Ta ce, “'Yata, ba ni farasitamol na yara da maganin gudawa.” Da na tambayi shekarun yaron, sai ta ce ai na mage ne. Magensu ta haifi 'ya'ya biyar, biyu sun mutu cikin kwana uku, na uku ya kwanta, ga kuma manyan maguna biyu a gidan.

Ban sayar mata ba, kuma ta ɗan ji haushi. Farasitamol guba ne ga mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 na iya kashe babbar mage, balle jaririya. Fuska za ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara.

Abin da Hajiya ta kwatanta ya yi kama da cutar da likitocin dabbobi ke kira fanlukofeniya, ko da yake likita ne kaɗai zai tabbatar. Ƙwayar bairos ce, 'yar uwar fabo da ke kashe 'yan kwikwiyo. Tana cinye bangon hanji, tana kuma karya fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. 'Yar kyanwa za ta daina cin abinci, ta yi zazzaɓi da amai, sannan gudawa, wani lokaci da jini. Takan zauna a bakin kwanon ruwa ba ta sha. Cutar ba ta kama mutane, amma mutane ne ke yawo da ita a hannu da takalmi da zani daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Abin da ya fi wahala a gida mai maguna da yawa shi ne naci irin na wannan ƙwaya. Tana iya shafe shekara guda a ƙasa ko a tsumma tana raye. Wanki da sabulu kaɗai bai isa ba. Su Dettol da Izal da muka saba yayyafawa ba sa kashe ta, kuma su kansu suna cutar da mage idan ta taka ta lashe ƙafarta. Bilic shi ne abin dogaro, irin su Hypo ko Jik: cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya ta ruwa. A fara kwashe kashi da amai, a wanke wurin da omo, sannan a zuba ruwan bilic a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Kwali da tsummar da marar lafiya ta kwanta a kai kuwa a ƙone su. Tsakar gidan da ba a yi wa siminti ba tana da wuyar tsabtacewa, don haka gara a killace marar lafiya a ɗaki mai daɓe tun ranar farko, da kwanonta daban da yashin bahayarta daban. Mai kula da ita ya riƙa fara ciyar da masu lafiya, ya ƙare da ita, ya wanke hannu. Ko ta warke, tana iya ci gaba da fitar da ƙwayar har mako shida.

Babu maganin da ke kashe bairos ɗin. Ƙarewar ruwan jiki ce ke saurin kisa, shi ya sa ƙarin ruwa a asibitin dabbobi da allurar tsayar da amai suka fi duk abin da ke kan kantata amfani. Likita kan haɗa da maganin ƙwayoyin bakteriya saboda hanjin ya buɗe, amma shi zai auna gwargwadon nauyinta. Ragowar kafso na yaro ba hurumin mage ba ne.

Akwai rigakafi. Ana fara allurar daga mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ta kai mako 16. Yawancinmu mun ajiye mage ne don ɓera, ba mu taɓa tunanin allura ba, alhali ita ce take kwana a ɗakin yara. Idan an je, a tambayi ta ciwon haukan kare ma, domin mage na ɗaukarsa kuma shi yana kama mutum.

Hajiya ta kai sauran ukun asibitin dabbobi a ranar. Bayan mako biyu jikar ta leƙo ta ce biyu sun tashi, kuma wata maƙwabciya na son ba su sabuwar jaririya a madadin waɗanda suka mutu. Na ce ta gaya wa Hajiya kada ta karɓa sai wadda ta gama allurarta.