ABINCIN MAI CIWON TSOKA

Tsoka ita ce jan naman da ya lulluɓe ƙashi. Da ita muke tafiya, da ita muke ɗaga fartanya, da ita muke tauna tuwo mu haɗiye. Numfashi ma aikinta ne. Zuciya kanta tsoka ce.

Akwai ciwon da ke raunana tsoka. Ba gajiyar noma ba ce, wadda barci ke warkarwa. Mutum ya tsuguna, ya kasa miƙewa sai ya dafa gwiwa. Mace ta kasa ɗaga taɓarya. Yaro ya riƙa faɗuwa ba da tuntuɓe ba. Wani kuwa da yamma fatar idonsa takan sauko, muƙamuƙinsa ya gaji da tauna.

Abubuwan da ke kawo shi suna da yawa. Wani gadonsa ake yi. Wani daga ciwon sukari ne, ko ciwon maƙoƙo. Wani daga rashin bitamin D ne, wanda jiki ke samu daga hasken rana. Wani kuma magani ne ya jawo shi. Saboda haka likita ba ya gane irinsa ran nan da nan. Sai an gwada jini, wani lokaci har a ɗebi ɗan guntun tsoka a duba. A nan Zariya ana neman irin wannan bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Da can a Tudun Wada babban asibitin yake. A 2005 aka koma da shi Shika, a kan hanyar Funtuwa.

Binciken yakan ɗauki watanni. To, kafin a san sunan ciwon, me mara lafiya zai ci?

Ku riƙe wannan tukuna. Abinci ba ya warkar da ciwon da ba a san sunansa ba. Aikinsa shi ne ya tsare ƙarfin da ya rage, har likita ya gano cutar.

Kada a hana shi abinci

Masu dubiya sukan zo da shawara. Wannan ya ce a bar ƙwai. Wancan ya ce a bar nama da nono. Kafin a ankara, mara lafiya ya koma koko kaɗai. Wannan kuskure ne babba. In jiki bai sami abinci ba, tsokarsa yake ci. Ga ciwo, ga yunwa, sai ƙarfi ya tafi da sauri. Kada a bar wani abinci sai likita ya hana.

Abincin da ke gina tsoka

Tuwo da fura da dankali suna ba da ƙarfin aiki, amma su kaɗai ba su isa ba. Masu gina tsoka su ne wake, da gyaɗa, da ƙuliƙuli, da awara, da nono, da ƙwai, da kifi, da nama. Ba sai mai kuɗi ba. Ƙosai ko alale da safe ya yi. A zuba garin ƙuliƙuli a kwaɗon zogale. A sa daddawa da busasshen kifi a miya. A kowane ci a sami ɗaya daga cikinsu.

Nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna ƙarfafa ƙashi. A kuma fito da mara lafiya ya sha hantsi. Matan da ke cikin kulle su zauna a tsakar gida inda rana ke taɓa su. Wanda ba ya yawan motsi cikinsa yakan ɗaure. Maganin wannan ganye ne, da kuɓewa, da gwanda, da ruwa mai tsabta isasshe.

Kaɗan-kaɗan, sau da yawa

Kada a cika masa akushi sau ɗaya. A raba abincin sau biyar ko shida a yini. A ba shi mai nauyin a lokacin da ya fi jin ƙarfi. Akwai ciwon tsoka da doguwar yunwa ke tayarwa. Saboda haka in azumi ya zo, ya tambayi likita, ya kuma tambayi malami. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

A lura da nauyin jiki. Ƙiba kaya ce a kan tsoka mai rauni, rama kuwa tana cinye ta. A riƙa hawa ma'auni a asibiti wata-wata.

In haɗiya ta yi wuya

Ya ci a zaune, ya miƙe baya. Kada a ba shi abinci yana kwance, kada a yi masa ɗura. A yi loma ƙanana, a sa miya da yawa. Fate da alale da kunun gyaɗa sun fi dambu da tsire sauƙi. Ga mutane da yawa kunu mai kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya. In ya gama, ya zauna kamar rabin awa kafin ya kwanta. Abincin da ya ɓace hanya ya shiga huhu yana kawo ciwon huhu mai kisa.

Abubuwan gudu

Na ɗaya, ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu suna kumbura fuska da ciki, amma suna narkar da tsokar cinya. Wanda ya daɗe yana sha kada ya bari farat ɗaya. Ya kai wa likita kwalin.

Na biyu, yawan maganin wankin ciki. Gudawa tana fitar da wani gishirin jini mai suna fotasiyam. In ya ragu, gaɓoɓi sukan mutu. Amma akwai ciwon da yawansa ke tayarwa. Gwajin jini kaɗai ke rarrabewa.

Na uku, yawan kanwa da gishiri. Wani ciwon tsoka yana taɓa zuciya, su kuwa suna ƙara mata aiki. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun binciki ciwon zuciya na masu jego, suka ga kunun kanwa yana cikin abubuwan da ke tsananta shi.

Ga amfanin karatu

Ku da kuka shiga aji kun iya rubutu. Ku sami ɗan littafi. Kullum ku rubuta kwanan wata, da abin da aka ci, da maganin da aka sha, da lokacin da jiki ya mutu. Ku kai wa likita. Abin da baki ya manta, takarda ta riƙe. Wannan yana taimakonsa ya gano ciwon.

Amma kada ku jira ranar komawa asibiti in numfashi ya yi wuya, ko ana yawan shaƙewa, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Ku ɗauke shi nan take, ko da dare ne.

Tambayoyi

1. Faɗi aikin tsoka guda uku.
2. Rubuta abinci biyar masu gina tsoka da ake samu a garinku.
3. Yaya za a zaunar da mai wahalar haɗiya?
4. Waɗanne alamu uku ne ba a jira da su?