Wuƙar kube

Wuƙar kube ƙaramar wuƙa ce ta gargajiya da maza ke yawo da ita a ƙasar Hausa, har da yankin Jibiya na Jihar Katsina, kan iyakar Najeriya da Nijar ta hanyar Maraɗi. Maƙera ne ke ƙera ta, dukawa kuma su ɗinka kubenta da fata. Makiyaya da manoma kan sa ta a aljihu ko su soke a ƙugu, don yanka, fiɗa da yanke igiya. Buzaye kuwa a hannun hagu suke saƙala tasu, mai suna telek. Wasu na adana tsofaffin wuƙaƙe a matsayin kayan gado. Saboda matsalar tsaro a yankin, mai ɗauke da ita kan iya fuskantar tambayoyi a shingen jami'an tsaro.