Littafin Dillalin Albasa da Hanyar Lightning

A kasuwar Gouro ta Adjamé, wadda matan ƙabilar Gouro suka kafa don cinikin kayan abinci a Abidjan, ba kowane buhun albasa ake biyan kuɗinsa nan take ba. Idan motar albasar Galmi ta iso daga Nijar, dillali yakan raba buhuna ga matan da ya sani, ya rubuta sunan kowacce da adadin abin da ta ɗauka a ɗan littafin da gumi ya jiƙa gefensa. Sai ta sayar ta kawo kuɗi, a ja layi a soke. Banki ba ya ganin komai sai jimillar ƙarshe.

Masu Bitcoin sun zo da dabara mai kama da wannan. Babban kundinsu na blockchain, wanda ya fara aiki a 2009, yana rufe shafi kusan kowane minti goma, kuma ba ya ɗaukar fiye da ciniki bakwai ko makamancin haka a daƙiƙa ɗaya. In layi ya yi tsawo, kuɗin aikawa ya tashi. A 2015 Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka gabatar da Lightning: mutum biyu su ajiye kuɗi a wata kafa, su yi ta ciniki tsakaninsu a gefe, sai buɗewa da rufewa kaɗai ke shiga babban kundi.

Kamar abu ɗaya ne, amma akwai bambanci babba. Lightning na da ƙarfi wajen hana ha'inci, domin wanda ya yi ƙoƙarin rufe kafa da tsohon lissafi zai iya rasa dukan kuɗinsa da ke cikin kafar. Littafin dillali kuwa yana iya ɓacewa, ruwa ya ci shi, ko a yi gardama kan lamba. Sai dai Lightning sai da kuɗi a hannu kafin a fara. Matar da ta ɗauki buhu uku da asuba ba ta da wannan kuɗin, mutuncinta ne jarinta, da kuma dattawan kasuwa da ke shiga tsakani idan an saɓa.

Don biyan kuɗi nan take ma, ai hanyoyin aika kuɗi na Orange Money da Wave sun riga sun zauna a wayoyin 'yan kasuwar. Abin da kasuwar Gouro ke rayuwa a kansa shi ne bashi, kuma a nan littafin dillali ya fi Lightning amfani.